Layi Na Goma Sha Tara

A benenmu ba wanda yake kiran ta da wani suna sai Halo. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin haɗa layin tarho a babban asibiti, abin sauraro maƙale a kunne, tun safe har a tashi tana cewa, "Halo, da wa za a haɗa ka?" Da ta yi ritaya aikin ya sake ta, sunan kuwa ya ƙi. Yara suna ce mata Mama Halo, manya su ce Hajiya Halo. Ni Yaya nake ce mata, don ƙofata tana kallon tata a hawa na uku, kuma mun fi shekara goma muna aron ashana da zare. Ni tela ce, a falona nake ɗinki, ƙofa a buɗe saboda zafin dutsen guga, shi ya sa kusan duk abin da zan faɗa a kan idona ya faru.

Benen hawa shida ne, kowane hawa gida uku. Tun da aka gina shi kamfani ɗaya ke ba mu talabijin na kebul da tarhon gida, kuɗin kuma a dunƙule yake cikin abin da muke bayarwa duk wata na shara da gadi da lif. Kowace shekara sai takarda ta zo an ƙara. Tashoshi sun fi ɗari biyu, har da wadda ba a nuna komai a cikinta sai wasu mutane a kwalekwale suna jiran kifi. Tarhon kuwa in ya yi ƙara, cikin goma tara masu talla ne. Kowa yana ƙorafi a matakala, ba wanda ya taɓa yin komai.

Ɗanta ne ya tsokano abin, bai sani ba. Mai kantin magani ne, yakan zo duk Lahadi ya ci abincin rana. Ranar nan na shiga kai mata rigar da na rage wa hannu, na tarar yana kallon tsohon tarhonta mai ruwan madara da ke kan tebur.

"Mu dai tuni muka cire namu, komai ta intanet muke yi," in ji shi. "Amma ke Mama na san ba za ki iya ba. Ku da tarho ai sai mutuwa."

Ta ajiye cokali a hankali.

"Ba zan iya ba?"

"A'a, ina nufin sabo."

"Ranar da aka zo aka kwance allon da na yi shekara ashirin a gabansa aka dasa mana kwamfuta, kana aji uku kana kuka a kan takalmin makaranta. Mako biyu na koya. A na uku ni nake koya wa 'yan matan da aka ɗauko don su gaje mu. Ci abincinka."

Ya ci abincinsa. Washegari da safe na ga ta fita da jaka da ɗan littafi mai bangon shuɗi.

Mako uku ta yi tana yawon shaguna. Takan dawo da rana ta zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ta cire takalmi, ta ba ni labari. Wani yaron shago ya ce mata, "Mama, ki turo ɗanki mu yi masa bayani," ta ce masa ai ɗan nata ita ta yi masa bayanin duniya, ya fara kawai. Wani kuma ta tambaye shi abin da zai faru da tarhon in wuta ta ɗauke, ya tsaya yana sosa ƙeya, ta fito ta bar masa shagonsa. A ƙarshe ta sa aka jawo mata intanet a gidanta ita kaɗai, don ta ce ba za ta kira mutane su hau abin da ita ba ta taka ba. Aka kawo ɗan farin akwati mai fitilu huɗu aka kafa a bango. Ta zare wayar tsohon tarhonta daga bango ta soka a bayan akwatin. Aka kuma ba ta wani abu kamar ɗan yatsa ta cusa a bayan talabijin.

Ina cikin yanka yadi tarhona ya yi ƙara.

"Halo, Tela, kina ji na?"

"Yaya, ai ko ba waya ina jin ki, ga ƙofarki nan a buɗe."

"Rufe taki ki saurara da kyau. Akwai tsatsa a muryar? Tana makara?"

Na rufe. Muryarta tas, kamar tana tsaye a kafaɗata.

A shekarar ita ce shugabar kwamitin bene, don duk wanda aka nuna sai ya ce yana da uzuri. Ta kira taro ranar Asabar da la'asar a filin ƙasa, inda ake ajiye kekuna. Aka jero kujerun roba. Ta tashi da littafinta ta yi bayani a taƙaice: kowane gida akwati ɗaya, tarho ya koma kansa, talabijin ya koma kansa, kowa ya zaɓi abin da yake kallo ya bar abin da ba ya kallo. Abin da za mu riƙa bayarwa bai kai rabin na yanzu ba.

Nas, ma'aikaciyar jinyar da ke hawa na biyu, ta ɗaga hannu. Ta tambayi makomar lambar gidanta, don mahaifiyarta tana wurinta, ba ta iya wayar hannu ba, lambar gida kaɗai 'yan uwa suka sani.

"Lambar tana nan," in ji Halo. "Taki ce, ba ta kamfani ba. Za ta biyo ki kamar yadda kayanki ke bin ki in kin tashi."

"In wuta ta ɗauke fa? Tsohon tarhon ko ba wuta yana aiki."

"Yauwa. Tambayar da nake jira ke nan. Tsohon layi da 'yar wutarsa yake zuwa, wannan ba haka yake ba. Shi ya sa kowane akwati za a haɗa shi da batir. Sun ce yana awa takwas. Na kashe mitar gidana ranar Laraba na zauna da agogo, awa shida da kwata ya yi. To ku riƙe shida."

Sai Rafali ya miƙe. Tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne, ya haura saba'in, shi kaɗai yake zaune a hawa na shida tun rasuwar matarsa. Dogo ne siriri, in zai yi magana sai ya ɗaga yatsa sama kamar zai kori wani daga fili.

"Hajiya, ni ban zo duniya don in yi wa kamfani gata ba. Amma ƙwallo kai tsaye ake kallon ta. Na je gidan ƙanena na ga wannan intanet ɗin naku. Ana tsakiyar hari sai hoto ya daskare, wani zobe ya fito yana juyawa. Kafin ya gama juyawa an ci an dawo tsakiya."

"Ƙaramin layi ya saya, Malam Rafali."

"Kowa haka yake cewa. Abin da ya yi shekara ashirin yana aiki, me ya yi muku?"

"Ya yi shekara ashirin yana cin mu."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Da aka ɗaga hannu, gida goma sha biyar suka yarda, biyu suka yi shiru, shi kaɗai ya ce a rubuta bai yarda ba. Ya ce tarho dai a yi yadda aka ga dama da shi, amma kebul ɗinsa zai je ya ƙulla da kamfanin shi kaɗai. Halo ta ce wannan haƙƙinsa ne, ta rubuta.

Ranar da za ta kira kamfanin ta ce in zo in zama shaida. Ta danna lasifika ta ajiye kan tebur. Aka sa mana kiɗa, muka sha shayi, kiɗan ya ƙare ya sake farawa. Can wata yarinya ta ɗauka da murya mai zaƙi.

"'Yata," in ji Halo, "kin ajiye ni a layi minti goma sha ɗaya. A zamaninmu in mai kira ya wuce minti biyu, shugabar sashe za ki ji tana numfashi a bayan wuyanki. Na san ba laifinki ba ne, ku kaɗan ne. Na kira in rufe kwangilar benenmu."

Yarinyar ta ce sun yi baƙin ciki ƙwarai, kuma da yake mu tsofaffin abokan hulɗa ne za a ƙara mana tashoshi arba'in kyauta.

"Waɗanda muke da su ma ba mu gama gaisawa ba."

Ta ce to za a yi mana rangwame na wata uku.

"Na san takardar da ke gabanki ta ce ki yi tayi uku kafin ki saki mutum. Karanto na ukun don kada a yi miki faɗa, sai mu yi aiki."

Na ji yarinyar ta ƙunshe dariya. Ta karanto na ukun da sauri, Halo ta ce ta gode, a'a. Daga nan suka zama kamar uwa da 'ya a kicin, wannan tana karanto lamba, wannan tana dubawa a littafi. Suka bi lambobi goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, kowace da gidan da za ta koma. Sai yarinyar ta ce saura ɗaya.

"Na gan ta a takarda," in ji Halo. "Ta wace ce? Gida sha takwas ne a nan."

"An rubuta 'na bene' kawai, Mama. Ba wani bayani."

Halo ta dube ni tana murmushi. Ashe tun jiya ta ga lambar. Ta kira ta da wayar hannu, ta bi bene daga ƙasa har sama tana kasa kunne, ta leƙa ɗakin mai gadi, ta leƙa ɗakin mita, ba inda ta ji ƙara.

"Layin aljanu ne," ta ce. "Shekara nawa muna ciyar da shi. Yanke shi, 'yata."

Aka yanke.

Aikin ya ɗauki mako biyu. Ita take gaba, masu haɗa waya biyu suna bin ta da tsani. Duk gidan da aka gama sai ta ɗaga tarho da kanta ta kira nata, ta kashe wuta ta sake kira. Ta yanka kwali ta rubuta wa tsofaffi da manyan baƙaƙe: danna wannan, sai wannan, in ya ƙi ka zare ka ƙirga goma ka mayar. Mahaifiyar Nas ta gano tashar da ake nuna tsofaffin wasannin kwaikwayo na lokacin ƙuruciyarta, ta kira Halo ta riƙe mata hannu tana sa albarka har shayinta ya huce. Ni kuma na sami masu koyar da yankan kwalar riga iri-iri, in tsayar da hoton in koma baya yadda nake so. Rafali ya bari aka haɗa masa tarho yana tsaye hannu a baya, baƙar wayar kebul ɗinsa kuma tana nan ita kaɗai tana hawa bango har hawa na shida.

Mako biyar komai lafiya. Sai wata Talata da hantsi, lokacin da bene yake zama fayau, masu aiki sun fita, yara suna makaranta. Ina kan keken ɗinki ina ta jin wani bugu daga nesa, gum, gum, na ɗauka mai gyaran famfo ne. Halo ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya a bakin ƙofata, kai a karkace.

"Tsayar da keken nan."

Na tsayar.

"Wannan ba famfo ba ne. Uku-uku ake bugawa a huta. Mutum ne."

Muka bi sautin ta matakala. A hawa na biyar ya fi ƙarfi, daga bayan ƙofar lif yake fitowa, ƙasa-ƙasa. Lif ɗin ya tsaya tsakanin na huɗu da na biyar. Halo ta manna baki a tsagar ƙofa.

"Wane ne a ciki?"

"Ni ne." Da ƙyar na gane muryar Rafali ce, ta shaƙe ta yi siriri. "Na fi minti arba'in. Wayata ba sabis. Na danna maɓallin ƙararrawar nan har yatsana ya yi ciwo, ba wanda ya amsa. Da in ka danna mutum yake magana."

Na ga fuskar Halo ta sauya. Ta juyo ta dube ni.

"Tela," ta ce a hankali, "layi na goma sha tara."

Ban gane ba sai da ta maimaita. Layin da ba ya ƙara a ko'ina, ashe ba a yi shi don a kira shi ba. Shi ke kira. Daga cikin lif yake tafiya kai tsaye ofishin masu gyara.

Ba ta tsaya jimami ba. Ta ce in sauka ƙasa, akwai farantin ƙarfe a gefen ƙofar lif da lambar masu gyara, in kira in ce akwai dattijo a ciki, in faɗi shekarunsa, kada in ajiye sai sun gaya mini minti nawa. Na sauka da gudu har ɗankwalina ya zame. Suka ce injiniyansu yana wani aiki a can ƙarshen gari, awa ɗaya in hanya ta yi kyau.

Da na dawo na tarar ta shimfiɗa gyalenta ta zauna dirshan a ƙasa, kafaɗa jingine da ƙofar lif. Muryar da take magana da ita ban taɓa jin ta ba, a kwance take, ba gaggawa ba rawa. Na ce a raina, ashe wannan ce muryar da masu kiran asibiti suka yi shekara talatin suna ji.

"Malam Rafali, ka zauna a ƙasa. Ka zauna? Yauwa. Ɓalle maɓallin wuyanka. Akwai iska a ciki, saman a buɗe yake, ba za ta ƙare ba. Me ka sayo?"

"Madara da sabulu. Hajiya, bangon nan matsowa yake."

"Ba ya matsowa. Miƙe ƙafarka ka taɓa shi. Yana inda yake?"

"Yana nan."

"To bar ƙafar a wurin ta yi maka gadi. Injiniya yana hanya. Kafin ya zo ba ni labari. Wane wasa ne ya fi ba ka wuya a duk aikinka?"

Sai ya fara, a guntule da farko. Wasan ƙarshe ne na wata gasa, saura minti biyu, ɗan gaba ya faɗi a cikin da'ira, shi kuma ya busa fenariti. Aka ci. 'Yan kallo suka ɓalle shinge, a motar 'yan sanda aka fitar da shi kwance a ƙasan kujera.

"To fenaritin ne?" in ji Halo.



"Ba a taɓa shi ba," ya ce. "Tun ina busawa na sani. Shekara talatin da shida ban gaya wa kowa ba, ko marigayiya."

Daga nan sai muryar ta sake shaƙewa, ya ce yana jin jiri, ya ce a kira ƙanensa. Na ga Halo ta yi ɗan tunani, sai ta gyara zama.

"Malam Rafali, tunda ka faɗi naka bari in faɗi nawa. Ka san abin da ya sa ƙararrawar ba ta amsa ba? Ni na yanke layin. Da bakina na ce a yanke."

"Me kika ce?"

"Na ga lamba ban san ta mece ce ba, na ce ta aljanu ce."

Wallahi sai da ƙofar ta girgiza. Muryar da muka sani ta dawo gaba ɗaya. Ya ce ai ya faɗa, a gaban kowa ya faɗa, a duba littafi an rubuta bai yarda ba. Ya ce mutum ya ga waya bai san inda ta nufa ba ya sa almakashi, ko yaron da ya fara koyon aiki jiya ba zai yi haka ba. Ita kuma tana ta ba shi amsa, "Gaskiyarka. Ƙara. Sai me kuma?" Ta dube ni ta rage murya. "Gara ya ji haushina da ya ji tsoro. Mai faɗa numfashi yake ja."

Yana cikin faɗan injiniya ya iso, wani gajere mai furfura da jakar kayan aiki. Ya hau ɗakin inji, muka ji lif ya motsa a hankali, ya sauko ya buɗe ƙofa da wani dogon mabuɗi. Rafali ya fito rigarsa sharkaf, ledar madara a hannu. Halo ta miƙa masa ruwa. Ya karɓa ya sha, bai dube ta ba, ya hau matakala yana riƙe da ƙarfe. Ta ce in bi shi in zauna da shi har Nas ta dawo ta auna jininsa.

Ita kuwa ta tsare injiniya. Ya ce bel ɗin inji ne ya saki, wannan ba laifin kowa ba ne, amma layin dole a mayar. Ba sai an koma wa tsohon kamfani ba, akwai ɗan akwati mai sim da batirinsa da ake ɗorawa a saman lif, yawancin benaye shi suke sawa yanzu. Ta ce ya kawo gobe, yau kuma ya kulle lif ɗin, ba mai shiga sai ƙararrawa ta yi magana. Sannan ta ce ba zai tafi ba sai sun zaga bene tare. Suka duba ƙararrawar gobara, suka duba ƙofar gareji, suka duba injin tura ruwa, duk abin da yake da waya a jikinsa sai ta tambaya ina ta nufa. Ba su sami wani ba. Da kanta ta rubuta takarda ta manna a kowane hawa: lif a rufe yake har gobe, dalili kuma kuskuren shugabar kwamiti ne, za a yi bayani ranar Asabar.

Kafin Asabar magana ta zaga. Waɗanda suka yi shiru ranar ƙuri'a suka sami baki. A matakala na ji ana cewa da ma an bar abu yadda yake, yau lif, gobe wa ya sani. Na gaya mata, ta ce ai da ba su faɗa ba da ta raina hankalinsu.

Ranar taro ba kujerar da ta rage. Ta tashi ba littafi a hannu.

"Ranar Talata Malam Rafali ya yi awa ɗaya da minti hamsin a cikin lif. Tsayawar lif ba ni ba ce. Rashin amsawar ƙararrawa ni ce. Na ga layi ban san aikinsa ba, maimakon in tambaya har in sani, sai na ji daɗin na kama kamfani da cuta. Ni da na yi shekara talatin a kan layi ban da hujja. Malam Rafali, ka yafe mini." Ta juyo ga sauran. "An sa sabon akwati, na shiga na danna sau uku an amsa. In kuna son wata shugabar, ga kujera, ba zan ji komai ba. Amma masu cewa a koma, ku gaya mini tarhon wa ya mutu cikin mako shidan nan? Talabijin ɗin wa ya ƙi? Barin kamfanin daidai ne, ko yau aka sake tambaya ta haka zan ce. Inda na yi kuskure daban, kuma na nuna muku wurin."

Kowa ya juya yana kallon Rafali. Ya miƙe a hankali, yatsan nan ya tashi sama, na ce a raina yau kam sai ya kore ta daga fili.

"Na yi niyyar in zo in yi kaca-kaca," ya ce. "Na ma rubuta. Amma wanda ya busa ba daidai ba ya tsaya a tsakiyar fili ya ce ni ne, ban taɓa ganin irinsa ba, ni ma ban yi ba. A ci gaba da wasa. Sharaɗi ɗaya: duk ranar ɗaya ga wata za a gwada ƙararrawar nan, kuma ni zan gwada, don ban yarda da kowa ba."

"An ba ka," in ji Halo.

Haka kuwa ake yi. Ranar ɗaya ga wata da ƙarfe tara zai shiga lif da agogo a hannu, ya danna, ya ƙirga daƙiƙa nawa aka yi kafin a amsa, ya ce, "Gwaji ne, kun makara da huɗu." Masu gyaran har sun san muryarsa.

Kebul ɗinsa ya riƙe har kakar wasa ta ƙare. Wata ranar Alhamis da azahar sai ga shi a ƙofata da wando a hannu, wai a rage masa tsawo. Wandon lafiyarsa ƙalau. Ya yi ta kewaye-kewaye, can ya rage murya.

"Tela, wannan abin da kike tsayar da masu yankan kwala ki koma baya, da ƙwallo ma ana yi?"

"Ana yi mana."

"A tsayar daidai lokacin da ƙafa ta taɓa?"

Kafin in amsa muka ji murya daga ƙofar da ke kallon tawa.

"Har a rage gudu ana yi. Shigo ka gani, Malam Rafali, ka bar mata wandon nan ta huta."

Ya shiga yana gyaran murya. Ta nemo masa wasan makon jiya, ta ba shi rimot, ta nuna masa maɓalli biyu. Da na leƙa bayan rabin awa, na tarar ya jawo kujera har gaban talabijin, tabarau a kan hanci, hoto a tsaye, ɗan wasa rataye a iska.

"Kin gani? Satar gida ce ƙarara. Ga kafaɗarsa."

"Ni ƙafar wancan nake gani a gaba."

"Hajiya, ke layin tarho kika sani, wannan layin nawa ne. Mayar da shi baya kaɗan."

"Rimot ɗin yana hannunka."

Ya duba hannunsa, ya danna da kansa. Na ja musu ƙofa na koma kan keke, don akwai rigar da za a zo karɓa ƙarfe huɗu.